Rigar Da Ba Ka Saka A Lissafi Ba

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa a ƙarƙashinta shekara goma sha tara, maigidana, Abban yara, mutumin da har yau idan na ji motsin mabuɗinsa a ƙofa sai zuciyata ta yi tsalle kamar ta sabuwar budurwa.

Ina gaishe ka da gaisuwa mai taushi irin ta iskar da ke biyo bayan ruwan farko, mai tsawo irin na hanyar da idona ke bi kullum yana neman ka. Kada ka yi mamakin ganin takarda a cikin akwatin ƙugiyoyinka alhali ɗaki ɗaya muke kwana. Sau uku a makon nan ina buɗe baki in yi maka maganar nan, sau uku muryata tana rawa, kai kuma da ka ga haka sai ka jefo barkwanci, in yi dariya ba da son raina ba, magana ta wuce. Takarda ba ka iya sa ta dariya. Shi ya sa na tura ƙofar shago da ranar Allah, na kawar da labulen mutane daga kan tebur, na zauna ina rubuta maka.

Tsoro nake ji, hasken raina. Tsoro nake ji!

Ka tuna ranar da aka kira ni daga maɗaba'a, bara waccan? Na same ka a zaune a ƙasa tsakanin injuna biyu, bayanka jingine da tarin takardu, tawada har gwiwar hannu, leɓenka ya yi fari kamar alli. Abokan aikinka sun kashe injunan, kuma ban taɓa jin shiru mai ban tsoro irin na wannan ɗaki ba. Kwana shida ka yi a asibiti. Ranar sallama likita ya cire tabarau ya dube ka ya ce magani zai yi nasa, amma zuciyar nan ta gaji da ƙara da gaggawa, sai ka nemo abin da za ka riƙa yi wanda babu mai jiran ka a ƙarshensa. Abokinka mai walda ne ya ara maka sandar fatsa ya kai ka tafki. Da ka gaya mini, na ce Allah ya kiyaye hanya.

Kuma ka dawo da kifinka na farko! 'Yar karfasa ce da ba ta cika tafin hannuna ba, ka shigo da ita a cikin bokitin da zai ɗauki jariri. Auta ta zauna ta haɗa kuɗin mota da na ƙugiya da na tana, ta ce wannan kifi ya fi kaza uku tsada, a sa masa suna kafin a soya. Ka yi dariya har da riƙe ciki. Ni ba kifin nake kallo ba, fuskarka nake kallo. Ƙullin nan na tsakanin girarka, wanda na ɗauka da shi aka haife ka, ya kwance. Ka yi kyau kamar gona bayan yayyafi, ka koma saurayin da ya taɓa kawo rasit shagon da nake koyon ɗinki ya tsaya yana ɓoye hannunsa don kada in ga tawada. A ranar na ce a raina, ko nawa wannan tafki zai ci, na yarda ya ci, tunda shi ya maido mini da mijina.

To amma ranar Asabar ɗin da ta wuce fa?

Da azahar ina yankan labule sai shagon ya yi duhu. Na leƙa, na ga hadari ya taso baƙi ƙirin daga ɓangaren da tafki yake, iska tana kwasar ledoji a titi, mai shagon kusa da ni yana ta janye kayansa ciki. Na kira ka, wayar tana shiga ba ka ɗauka ba. Na sake kira, aka ce a kashe take. Ka ce mini ƙarfe biyu za ka dawo. Biyu ta yi, uku ta yi, huɗu ta wuce, ina tsaye a bakin ƙofa da tef a wuya, feshin ruwa yana jiƙa mini zane ban ma sani ba. Kowace motar da ta rage gudu sai in ce kai ne. Kowace wadda ta wuce sai ta tafi da wani yanki na numfashina. Ka san tsawon awa uku, Abban yara? Ni na auna ta, ta fi duk yadin da na taɓa yankawa.

Sai ga ka bayan biyar, cikin rigar da ba taka ba, takalmi ƙafa ɗaya, kana murmushi. Ka ce wayar ce ta zame ta faɗa ruwa, takalmin kuma taɓo ya riƙe. Na karɓa, domin ina so in karɓa. Na dafa maka ruwan wanka, na haɗa maka shayi.

Ran Talata matar mai walda ta zo in auna mata labulen falo. Tana riƙe mini bakin tef sai ta ce, ai Allah ne ya rufa mana asiri ni da ke, da ba don masuntan nan biyu da suka hango su ba, da yanzu zaman makoki ake. Ta ɗauka na sani. Na bar ta tana zuba, ni kuwa lambobin tef suna yawo a idona. Daga bakinta na ji cewa kwale-kwalen hayar da kuka shiga ya kife a tsakiya, cewa mijinta ya iya iyo kai kuwa ba ka iya ba, cewa ka rungume gefen katako ruwa yana dukan fuskarka kusan rabin awa. Rabin awa! Da wace zuciya? Da wannan da nake ƙirga mata ƙwayoyi kowace safiya? Wadda nake sa kunnena a ƙirjinka ina saurare ina yi kamar shagwaɓa ce kawai?

Ban gama farfaɗowa ba, jiya ina wanki na ciro takarda daga aljihun wandon aikinka. Rubutunka ne, mai kyau kamar kullum, layi a jere. Kuna shirin haɗa kuɗi ku sayi tsohon kwale-kwale, rabi naka rabi na mai walda. Ka rubuta kuɗin jirgin, ka rubuta na gyaran gindinsa, na sabuwar sanda, na zare mai ƙarfi, na mai gadin da zai riƙa dubawa. Har kuɗin fenti ka rubuta, ka ja layi a ƙarƙashin shuɗi. Na karanta sama zuwa ƙasa, na juya baya, na sake karantawa. Babu rigar nan mai hana nutsewa. Ka tuna da fenti, ka manta da ranka! A gefe kuma ka rubuta inda kuɗin za su fito: ƙarin aiki kwana uku a mako, wata biyar. Ashe dawowar da kake yi a makare ba yawan oda ba ce kamar yadda ka ce. Kana tsayawa a gaban injin da ya kayar da kai, kana matse zuciyarka don ka saya mata hutu. Haba, rabin raina, wane irin ciniki ne wannan?

Akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ka san ruwa ne ya ci yayana, amma ba ka san ina wurin ba. Shekarata goma sha biyu, shi ashirin da uku, kuma duk unguwarmu babu wanda ya kai shi iyo. Ya tuɓe rigarsa ya miƙo mini da agogonsa, ya ce in riƙe masa, yanzu zai fito. Na ga kansa sau biyu. Na tsaya da rigar a hannu har mutane suka taru, har aka ɓamɓare ta daga yatsuna. Tun daga ranar ban sake zuwa bakin ruwa ba. Ko gada za mu haye a mota, ka lura da yadda nake neman wani abu a jakata har mu wuce. Ban gaya maka ba lokacin da ka fara zuwa tafki, domin na san ka. Da ka ajiye sandar a ranar saboda ni, ka koma ka zauna da ƙullin girarka, in zuba ido ina kallon ka kana bushewa kamar reshen da aka sare.

Ka ga inda nake tsaye? Idan ka zauna a gida ina tsoron zuciyarka, idan ka tafi ina tsoron ruwa. Ta ina zan juya? Ba zan ce ka bari ba, wallahi ba zan ce ba. Roƙona kawai ka bar ni in sa hannu a lissafin, ni da aikina ke nan, auna abu kafin a yanka.

Na zauna na duba, na ga tafkin yana cin kusan kashi biyu cikin goma na albashinka. Mu mai da shi kashi ɗaya, a zare shi ranar da albashi ya shigo a sa a ambulan nasa, abin da ke ciki shi ne na mota da haya da tana da ƙugiya, idan ya ƙare sai wani watan. Ƙarin aikin nan ka ajiye shi daga gobe, ko kwabo ɗaya da ya fito daga can ba na so ya taɓa ruwa. Kwale-kwalen ba zai gudu ba, ku ba shi shekara guda. In mai walda yana gaggawa, ni zan yi magana da matarsa, ita ma ba barci take ba. Kuɗin fenti kuwa na riga na sama masa aiki. Akwai wurin koyon iyo a bayan filin wasa, na je na tambaya, suna da ajin manya ranar Lahadi da safe, kuma na ga wani mai furfurar da ta fi taka yana wuntsila ƙafa a ciki, don haka kada ka ce mini kunya. Sai dai mu fara tambayar likita.

Lokaci ma ina da magana a kansa. Asabar biyu a wata taka ce kai da kifinka, ba zan aike ka ko sayen gishiri ba. Ɗaya ta Inna ce, wadda ta tambaye ni makon jiya ko ɗanta ya koma zama a ruwa ne. Ɗayar kuma tamu ce ni da yara. Muddin damina ce, ƙarfe ɗaya ta same ka a kan tudu, ko da giwan ruwa ne yake jan zaren. Ka sake shi, ya je ya gaishe da iyalinsa kamar yadda za ka zo ka gaishe da naka. Sabuwar wayar a ƙulle ta cikin leda a rataya a wuya. Maganinka na rana a aljihun gaba.

Yanzu sai ka duba saman kabad, bayan akwatin barguna. Kuɗin da nake tarawa na keken ɗinki mai lantarki na taɓa, kuma kada ka buɗe baki, tsohon kekena bai gaji ba, ƙafata ma haka. Riguna biyu za ka gani masu ruwan lemo. Mai sayarwa ya nuna mini yadda ake ɗaure igiyoyin, na sa shi ya maimaita sau uku, na kuma dawo shago na bi kowane ɗinki da idona, inda ban yarda da shi ba na ƙara nawa. Babbar taka ce. Ka sa ta tun kafin ƙafarka ta taɓa katako, ko ruwan ya kwanta kamar madubi, ko duk masuntan tafkin za su yi maka dariya.

Ƙaramar tawa ce.

Jibi Asabar zan bi ka. Ba zan shiga kwale-kwale ba, kada ma ka fara lallashi. A tudu zan zauna, nesa da baki, cikin rigata mai ruwan lemo kamar wadda ambaliya ke jira, ka yi dariyarka ka ƙoshi. Ban san ko zan iya buɗe ido in dubi ruwan ba. Amma na gwada tsayuwa a bakin ƙofa ina jira, na san ɗacinta. Gara in ji tsoron ina ganin ka. Idan muka sauka daga mota ka ga na tsaya cak, kada ka ce komai, kada ka ja ni. Ka riƙe hannuna kawai, ka rage sauri.

Taka ce ni, a tudu da kan ruwa, yau da gobe da ranar da ƙafafunmu za su gaza kai mu ko'ina,

Matarka.