Gurbina Aka Ba Mai-Albasa

Assalamu alaikum, Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka baki ɗaya. Yaya ƙafar Inna? Na ji an ce ta fara takawa har bakin ƙofa, Allah ya ƙara sauƙi, ya ja mana kwananta. Mu ma nan da sauƙi. Uwar yara ta warware daga zazzaɓin da ya kwantar da ita, Auta kuma ta yi haƙora biyu, duk abin da ta kama sai ta kai baki.

Yaya, ka yi haƙuri da abin da zai biyo baya. Sau uku na ɗauki waya in kira ka ina ajiyewa, don na san in na buɗe baki zan faɗi abin da ƙane bai kamata ya faɗa wa wansa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta. Raina a ɓace yake. Mutum na huɗu ke nan ka turo mini cikin shekara biyu, kuma ko sau ɗaya ba ka tambaye ni ko akwai wurin da za a shimfiɗa tabarma ba. Kana zaune a ƙofar gida kana gaya wa mutane ƙanenka na da hanya a birni, manaja ba ya tsallake maganarsa. Ni ɗan dako ne, Yaya. Shekara goma sha ɗaya ina sauke buhu daga mota ina jerawa a sito. Manajan nan ko sunana bai riƙe ba, Tsoho yake ce mini.

Da Mai-Albasa ɗan Kawu ya iso da jakarsa da takardarka, na karɓe shi dai. Da na ji ya sayar da injin ban-ruwansa ya yi kuɗin mota, na rasa inda zan sa kaina. Mutum mai 'ya'ya uku da gona a bakin ruwa! Ka san inda ya sauka? Ɗaki ɗaya ne, mu bakwai da shi, labule ne tsakaninsa da matata. Gidan da na shigo muna iyali biyar, yanzu mun kai goma sha huɗu, don mai gidan ya yanka tsakar gida ya yi ɗakunan langa-langa. Banɗaki ɗaya, famfo ɗaya, kafin layi ya zo kanka ka manta abin da ya fito da kai. Kowace safiya motoci na juye sababbin mutane a tasha, kowa da lambar wani ɗan'uwa a aljihu. A ƙofar sitonmu kuwa, in ana neman mutum biyar, sai ka ga sama da ɗari sun miƙa hannu, har da masu takardun makaranta a cikin leda.

Duk da haka jini ba ya ƙarya, na kama hannunsa na kai shi gaban manaja, na roƙa masa ko aikin yini ne. Manaja ya dubi damatsansa kamar mai tayin bijimi, ya tambaye shi nawa zai karɓa. Bawan Allah bai san farashi ba, ya ce duk abin da aka ba shi ya gode. Na taka masa ƙafa amma magana ta riga ta fita. Aka ɗauke shi a kan rabin abin da ake ba mu. Ranar ƙarshen mako aka kira ni da wasu tsofaffin hannu biyu, aka ce aiki ya ja baya, mu je mu huta sai an neme mu. Aiki bai ja baya ba, Yaya. Ina fitowa motoci shida na layi a ƙofa. Da hannuna na kai wanda aka maye gurbina da shi.

Kada ka ga laifinsa. Da ya fahimci abin da ya faru, ƙaton mutumin nan ya zauna a bakin kwata yana kuka, ya rantse ba zai sake taka siton ba. Na ce masa in ya bari, kafin ya kai bakin titi wani ya shige, sai mu taru mu biyu muna kallon bango. Na tilasta masa ya koma. Yau sati uku ke nan, shi ke shigowa da cefane, ni kuma ina fita da sassafe in tsaya a ƙarƙashin gada da sauran masu jiran a ɗauke su aiki. Sau biyu kacal aka nuna ni da yatsa. Masu ɗauka furfura suke fara dubawa.

Na san ni ma da nawa laifin. Duk zuwan da na yi gida, da sabuwar riga na zo, ban taɓa nuna muku kantar da ke kafaɗata ba. Amma kai babba ne, ka san abin da ke cikin aljihu sai mai riga. Na ji an ce akwai wasu biyu da ka yi wa alkawari bayan girbi. Don girman Allah ka tara su ka karanta musu wannan takarda, kada ka tsallake layi ko ɗaya. Wanda ya ji kuma ya ce sai ya zo, ƙafarsa ce, amma kada ya zo da sunana a bakinsa.

Ka gaishe mini da Inna, kada ka bari ta ji wannan labari. Ka gaida Kawu da Goggo, da mai ɗakinka da yara. Uwar yara na gaishe ku. Mai-Albasa ya ce a gaya wa matarsa ya samu aiki. Gaskiya ne, ka gaya mata ya samu. Kada dai ka gaya mata na wane ne.

Ni ne ƙanenka,
Na-Inna