Shafi Na Casa'in da Bakwai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Yaya, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ku cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, Ya ƙara muku rufin asiri da nisan kwana. Mu nan sai godiya. Inna tana nan da ƙarfinta, gwiwar ce dai ke riƙe ta in ta daɗe a zaune. Bakinta kam lafiyarsa ƙalau, don shekaranjiya sai da ta wanke mai gyaran famfo tas saboda ya taka mata tabarma da takalmi. Maigidan ya koma gareji, yatsan da ƙarfe ya datse ya warke. 'Yarka ta gama jarrabawa, tana gida, ba ta da aiki sai barci da buɗe tukunya.

Ka tambaye ni abin da nake karantawa. Ka san halina, ba na iya riƙe littafi ɗaya. Uku ne yanzu a shagon ɗinkina, suna kan tebur tsakanin almakashi da gwangwanin maɓallai. Da an ɗauke wuta keke ya tsaya, sai in jawo wanda hannuna ya faɗa a kai.

Na farko ɗan siriri ne, kan kiwon zuma. Kada ka yi min dariya, na san ko kaza ban taɓa kiwatawa ta yi rai ba. Amma mutumin da ya rubuta shi ya san aikinsa, kuma ba ya cika baki. In bai san abu ba sai ya ce bai sani ba, ya wuce. Na karanta babin da ya yi bayanin yadda ake gane uwar zuma ta tsufa har sau biyu, alhali ba abin da zai amfane ni da shi. Na biyu na soyayya ne, wata mai kawo min ɗinki ta bar min, wai sai na karanta na faɗa mata ra'ayina. Yaya, cikin shafi arba'in na ƙirga kuka goma sha ɗaya. Yarinya ta yi kuka, saurayi ya yi, uwarsa ta yi, har direban gidan sai da ya share hawaye. Ba wanda ke cin abinci ko zuwa aiki a littafin nan. Da matar ta zo karɓar rigarta ta tsare ni da tambaya, sai na ce mata gaskiya takardar tana da kyau, fara ce sol. Ta tafi tana murna.

Na uku shi ne namu, na tsohon direban jirgin ƙasan nan da ya ajiye aiki ya bi layin dogo a ƙafa yana neman abokin aikinsa. Shi ne dalilin wannan takarda. Shekara ashirin da biyu ke nan ina sayen littafi bibbiyu, ɗaya nawa, ɗaya in aika maka, mu karanta mu yi ta jayayya. Kuma tun da muka fara, ba ka taɓa mayar min da amsa ba tare da jerin nan naka na jan biro ba: shafi kaza an ci harafi, shafi kaza an maimaita kalma, shafi kaza waƙafi ya zauna inda ba a gayyace shi ba. Shekara talatin ka yi kana duba kurakurai a maɗaba'a, ka bar aikin amma shi bai bar ka ba. Sau nawa na ce maka kai ba karatu kake yi ba, farauta kake yi.

Wannan littafin ya kama ni sosai. Ina son yadda tsohon yake da taurin kai, da yadda marubucin bai nemi ya wanke shi ba. Ina cikin jin daɗi na kai ƙarshen shafi na casa'in da shida, inda 'yar tsohon ta biyo shi wata tasha da magana a bakinta. Na juya, sai na ga shafi na tamanin da ɗaya. Na ɗauka idona ne. Na sake juyawa, ashe shafi goma sha shida aka maimaita, daga nan littafin ya yi tsalle ya dira a ɗari da goma sha uku. A can kuwa uba da 'ya sun riga sun ɓata, ba ta ko amsa gaisuwarsa, kuma har ƙarshe ba a sake faɗin abin da ya haɗa su ba. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na rufe shago da rana tsaka na tafi wurin mai sayar da littattafai, wannan da ka ce bai taɓa karanta ko bangon abin da yake sayarwa ba. Ya rantse shi bai san zancen ba, ya jawo kwalin daga ƙarƙashin kanta, muka buɗe sauran ɗaya bayan ɗaya. Duka haka suke. Na dawo ina dariya ni kaɗai a hanya, ina cewa yau Yaya ya samu nama, wannan karon jerin nasa sai ya cika takarda biyu.

Sai ga amsarka. Ka ce littafi ya yi kyau, labari ya tafi sumul daga farko har ƙarshe, ba ka ga abin gyara ba. Na karanta layin nan ya fi sau biyar. Daga nan na buɗe akwatin da nake ajiye wasiƙunka na fito da na bana. Uku na ƙarshe duk ba jan biro, duk kuma rubutun Anti ne, wai wuyan hannunka ke ciwo. Kuma duk abin da ka faɗa kan littattafan, da na duba, yana nan rubuce a bayan bangonsu. Ni da nake taƙama na san ka, wata bakwai ban lura ba. Na ji kunya, na kuma ji tsoro.

Ban so in zarge ka a banza, na ce wataƙila naka kwafin lafiyayye ne. Shi ya sa na kira Anti ranar Talata da hantsi, lokacin da na san ka fita zaga unguwa. Na roƙe ta ta ɗauko littafin ta buɗe min shafi na casa'in da bakwai. Na ji tana juya takardu, ta ce babu shi. Na tambaye ta yaushe rabon da ta ga ka karanta wani abu da idonka. Da ƙyar ta faɗa min gaskiya. Kada ka ga laifinta, ni na matsa mata, kuma ta riƙe maka sirrin nan fiye da yadda ya kamata. Ta ce kullum bayan la'asar kana zama a kujerarka ta bakin taga, ka buɗe littafi, kana juya shafi lokaci-lokaci don yara su gani. Ta ce ka sauya tabarau sau biyu a kasuwa, asibiti kuwa ko sunansa ba ka so a ambata. Sai ta ce min, “Rannan a juye ya riƙe shi, na rasa yadda zan faɗa masa.”

Saboda haka na san ba kai ke karanta wannan takarda ba. Anti, don Allah ki karanta masa duka, kada ki tsallake ko layi ɗaya don ki rage masa zafi.

Yaya, ni da kai muka ga yadda Baba ya ƙare. Likita ya ce yanar ido ce, a yi aiki a cire, ya ce shi ba mai sa masa wuƙa a ido. Ya yi ta cewa gobe, har goben ta ƙare. Shekara tara Inna tana jan hannunsa zuwa bayan gida. Kai ne ka fi kowa faɗa a lokacin, har ka yi wata biyu ba ka shiga ɗakinsa ba don haushi. Ban san ko irin nasa ne ya same ka ba, ni tela ce, ba likita ba. Kai ma ba ka sani ba, tunda ka ƙi zuwa a duba. Na san tsoro kake ji, kuma ban raina ka don wannan ba. Ni ma da na ajiye wayar nan sai da na zauna a kan buhun yadi na yi kuka mai isata, ni da nake yi wa masu kuka a littafi dariya. Kai ka koya min karatu da yatsanka a kan layi, ba zan zuba ido ka zauna cikin duhu don kunya ba.

Ban faɗa wa Inna ba. Kullum sai ta tambaye ni me Yayanku ya ce kan littafin, ni kuma in kawar da zancen. Ba zan iya yi mata haka har abada ba. Na ba ka zuwa ƙarshen watan nan. In ka je asibiti, kai za ka faɗa mata da bakinka, tare da abin da likita ya ce. In ba ka je ba, ni zan faɗa mata, ka kuma san a ranar za ta ɗaure kayanta ta nufi gidanka, da gwiwar da komai.

Ka gaishe min da ɗanka Dogo, ka ce masa shi zai kai ka, ya nemi izini a wurin aiki tun yanzu. Ina gaida Auta da mai sunan Inna. Maigidan da 'yarka suna gaishe ku. Anti, Allah Ya saka miki da alheri, Ya bar zumunci.

Ba littafi a cikin wannan saƙon, kada ka sa a lalube ambulan. Ba kuma zan sake aiko da wani ba tukuna. Abin da nake jira in karanta yanzu shi ne takardar likitan ido, mai ɗauke da sunanka da kwanan wata.

Wassalam. Taka ƙanwa,
Sarkin Gardama