Farar Fumfuna a Ɗakin Goro

Nima, Accra

Zuwa ga yayata Hajiya Mamuna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da Salwa da duk mutanen gida. Mu nan sai godiyar Allah.

Da hannu na rubuto na ba Mamudu direba, don maganar ba ta waya ba ce. Abin da aka faɗa a waya yau, gobe yana bakin masu shayi.

Yaya, labari ya iso ni, kuma ba daga bakin mutum ɗaya ba, cewa 'yarki Salwa ta mayar da ɗakin goron Baba gonar wiwi. An ce ta toshe tagogi ta rataya wasu fitilu masu jan haske. An ce an ga tukwanen shukar ido da ido a tsakar gida, ganyen mai yatsu kamar tafin hannu, ƙasar kuma ta yi fari fat saboda maganin da ake barbaɗa mata.

A ɗakin nan Baba ya yi rayuwarsa yana jera huhunan goro, fatake daga Kano da Sakkwato suna sauka a ƙofarsa, ba a taɓa jin sunansa cikin abin kunya ba. Kuma kin san abin da ganyen nan ya yi mini. Ɗana Kamil ya bar shan sa, alhamdulillahi, amma bai dawo daidai ba. Sai ya wuni a ɗaka bai ce uffan ba. Ban manta yadda na riƙa bin bayan kasuwa ina cigiyarsa ba.

Saboda haka, a matsayina na namijin da ya rage a gidan, ga abin da na yanke: a ƙone shukar, a kulle ɗakin, a aiko mini da mabuɗin kafin sadakar Baba ta bana.

Allah Ya rufa mana asiri. Wassalam.

Ƙanenki,
Alhaji Garuba

*

Aboabo, Kumasi

Garuba,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, zafi ne kawai ya dame mu, sai kuma takardarka.

Namijin da ya rage a gida! Sannu da ƙoƙari. Ni na goya ka daga Aboabo zuwa Dichemso kana jiƙa mini baya, yau kai ne mai yanke mini hukunci daga Accra. Ko a kotu ana tambayar mutum kafin a ɗaure shi.

Rama ce, Garuba. Ramar da Inna take yi mana kwaɗo kana lashe kwano. Tun da ka koma cin shinkafar Accra ka manta cewa ganyen rama ma yatsu gare shi. Yarinyar nan ta yi karatun noma, ta dawo ba ta zauna jiran aikin ofis ba, tana haɗa ƙasar shuka da hannunta tana gwadawa. Ni dai ban haifi abin kunya ba. Wanda ya kai maka gulma ya zo ya maimaita a gabana in yana da ƙashin baya.

Yadda tukwanen suka fito tsakar gida kuwa, wannan wata magana ce daban, ba ta shafe ka ba.

Zancen Kamil ya taɓa ni, kuma kullum yana cikin addu'ata. Amma ciwon ɗanka ba zai sa a yanka 'yata ba. Mabuɗi yana ƙulle a bakin zanena. In kana so, ka zo ka kwance da kanka.

Ka gaishe da Habsatu da yara.

Yayarka,
Mamuna

*

Aboabo, Kumasi

Zuwa ga Kawu Alhaji Garuba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da girmamawa, Kawu, da Gwaggo Habsatu da Yaya Kamil. Mama ba ta san na rubuto ba. Na ga akwai abin da ta tsallake a takardarta, kuma ba na son ka ji rabin magana.

Aikina ƙasa ne. Ina tara ɓawon goro, da garin katako daga kafintocin Sofoline, da kashin shanu, da ganyen da ake zubarwa a kasuwa, in bar su su ruɓe su zama taki. Burina matan zango su iya shuka ganyen miya a bokiti a ƙofar ɗakinsu, tun da ba mu da gonaki. Kafin in ba kowa, dole in san wane haɗi ne ya fi. Shi ya sa na shuka rama a ɗaka, inda akuya da ruwan sama ba za su shiga tsakani ba, kuma kowace tukunya ta sami haske daidai da 'yar'uwarta.

Farin da aka ce magani ne, fumfuna ce. Takan fito a kan ƙasar da ke da rai, sirara-sirara kamar zaren auduga. Ita ke cin katakon da ɓawon, ta mayar da su abincin saiwa. Akwai muguwar fumfuna, wadda ke hawa ganye ko ta zo da wari in ruwa ya yi yawa, amma wannan ƙanshin ƙasa bayan ruwan farko take yi. Ranar da na fara ganinta, Kawu, har rawa na taka ni kaɗai, don na daɗe ina jiranta.

Sai tafiya ta kama ni zuwa Ejura, na bar wa Mama ban ruwa. Ka san Mama 'yar mai goro ce. A wurinta fari a cikin huhu asara ce, ba a kwana da shi. Tana gani ta yi salati, ta kwashe tukwanen ta jera a rana tsakar gida, ta kankare saman ƙasar da cokali, ta bi da toka. A haka Ante Azumi mai waken shinkafa ta shigo aron turmi. Yaran gida sun ce tsayawa ta yi ta dafe ƙirji ta ce da Hausarta ta Kumasi, "Ei, Hajia! Wannan ba wiwi ba ne? Yarinya ya lalace kwaraa, gaba ɗaya!" Kafin la'asar labarin ya kai Dichemso.

Na dawo na tarar fiye da rabi sun mutu, musamman waɗanda suka fi kyau, don su suka fi fari. Na yi kuka, ba zan ɓoye maka ba. Mama ba ta ce in yi haƙuri ba, kuma na san ba za ta ce ba. Amma tun ranar, ita da kanta take zagaya 'yan goro tana karɓo mini ɓawo a buhu, mace mai jikoki.

Kawu, ba roƙo na zo yi ba, don ban yi laifi ba. Ɗakin gadonku ne kai da Mama. In ka ce in fita zan fita, amma ba ni da wani wurin, aikin zai tsaya ke nan. Kakana ya ci abinci da goro a ɗakin nan, ni kuma ina so in ci da ɓawonsa, kuma ban ga inda na zubar masa da mutunci ba.

Ga ganye ɗaya na sa a cikin takardar. Gani ya kori ji.

Allah Ya ƙara girma.

'Yarka,
Salwa

*

Aboabo, Kumasi

Garuba,

Sallama irin ta addinin Musulunci, ko da yake kai ka daina amsawa. Mamudu ya je ya dawo, ya sake zuwa ya dawo, hannu rabbana. Sadakar Baba ma ba mu gan ka ba. To, bari in ba ka labarin abin da ka rasa.

Na ji Salwa ta kai maka ƙarata. Ba komai. Abin da na yi, da Baba yana raye shi ma abin da zai yi ke nan, har ya sa mini albarka. Wa ya taɓa jin an yi murna da fumfuna? Duniya ce ta juya, ni ban juya ba.

Amma tun da ni na fito da tukwanen nan har aka zagi 'yata, na ce ni zan sake fito da su. Ranar sadaka tsakar gida ta cika, Malam Mukhtari limaminmu da dattawa a kan tabarma, mata daga can gefe. Kowa na satar kallon ƙofar ɗakin goro. Ana shafa fatiha na miƙe na kwance mabuɗi, na wangale ƙofar, fitilun suna ci. Na ɗauko babbar tukunya, wadda farin ya sake rufe ƙasarta, na dire a gaban liman.

Na ce, "Malam, ga abin da aka ce 'yata tana nomawa. Ka duba mana."

Ya tsinki ganye ya murza, ya sansana, ya sa a baki. Ya tauna a hankali. Sai ya ce, "Hajiya, in wannan wiwi ne, to tun ina yaro uwata take ba ni shi da ƙuli-ƙuli."

Garuba, da ka ji dariya! Har mai kiran salla sai da ya riƙe ciki. Nan take na sa aka fito da kwaɗon da na riga na haɗa da ramar ɗakin, aka zuba wa kowa. Azumi kuwa ni na ba ta da hannuna, na cika mata kwano, na tsaya a kanta. Ta ci tana cewa, "Hajia, ni ma ji na yi, wallahi." Na ce, "A'a, ke gani kika yi. Ƙara, akwai saura."

Sai dattawa suka kewaye tukunyar suna tambayar farin. Salwa ta tsuguna ta ɗebo ƙasar a tafin hannu tana yi musu bayani, tana miƙa wa kowa ya sansana. Tsofaffin 'yan goro, mutanen da suka yi rayuwarsu suna gudun fumfuna, sun kasa kunne suna sauraron 'yata. Ni na koma gefe ina kallo, kaina ya yi girma har ɗankwalina ya matse ni. Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba, ko ranar da na sauka daga Makka.

Yanzu mata sun fara kawo bokitai. Amma yarinyar ba ta barci da kyau, don ta ce ba za ta ƙara tukunya ko ɗaya a ɗakin ba sai ta ji daga bakinka. Taurin kan gidanmu ne, ka san inda ta gado shi. Kai ma rabin ɗakin naka ne. Ka yi magana.

Yayarka,
Mamuna

*

Nima, Accra

Yaya,

Wa alaikumus salam. Na gaishe ki, na gaishe da 'yata Salwa.

Kunya ce ta hana ni zuwa, ba fushi ba. Ranar da takardar Salwa ta iso, ganyen ya faɗo ƙasa, Kamil ya ɗauka. Ya juya shi sau ɗaya ya ce, "Baba, wannan ai rama ce," sai ya fashe da dariya. Yaya, na manta yadda dariyarsa take. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa don kada ya ga idona.

Kamil ya karɓi takardar, kullum sai ya karanta. Ya zuba ƙasa da garin katako a wani tsohon bokiti a lungun tsakar gida, kowace safiya yana leƙawa ko farin ya fito.

Ki bar mabuɗin a bakin zanenki. Rabona na ɗakin na Salwa ne. Sai dai ki tambayar mini ita, ba umarni ba ne, roƙo ne: ko tana buƙatar mai ɗaukar mata buhu? Kamil ya riga ya haɗa jakarsa.

Wassalam.

Ƙanenki,
Garuba