Na tona asirin aminina a faifan masu buga ƙarfe

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. A ɓoye sunana, kuma don Allah kar ku yi saurin zagina, na riga ku, tun shekaranjiya nake zagin kaina. Tsoho ne ni da furfurata, aji uku na tsaya a boko, da yatsa ɗaya nake danna wannan saƙon.

Ni ne mai shara da riƙe makulli a wani tsohon sito a Manchester, kusa da Moss Side. Akwai yaran Turawa huɗu da suka kama ɗaki a ciki suna kiɗa. Kiɗa fa na ce, amma guduma ce da bututun ƙarfe da duro, sai ka rantse maƙera ake rushewa. Faifansu na farko ya karɓu, sai mawaƙinsu mai kakkausar murya ya yi fushi ya tafi. Suka ɗauko wata mai siririyar murya don faifai na biyu, abin ya ƙi zama. Wata rana shugabansu ya ji ina yi wa injin shara faɗa da Hausa, ya ce, "Uncle, wannan muryar muke nema! Zo ka faɗi wani abu na gargajiya mai ban tsoro."

Ni da ba ni da abin gargajiya ko ɗaya a ka, me zan faɗa? Aka sa min abin sauraro a kunne, ƙarfe na ta ƙara, sai shaiɗan ya kawo min aminina na Birmingham a rai. Tare muka taso a zango a Kumasi, shekara arba'in muna tsokanar juna. Kowa a unguwarsu ta Perry Barr Alhaji yake kiransa, shi ne a sahun gaba, shi ake kira sulhu. Ni kaɗai na san bai yi Hajji ba. Ya je, ciwo ya kwantar da shi a Jidda har aka sauko daga Arfa, ya dawo aka tarye shi da "Alhaji, Alhaji", kunya ta hana shi buɗe baki. Da hawaye ya faɗa min. Wannan na ɗauka na yi masa zambo, har da laƙabinsa da kowa ya sani, ina ta maimaita, "Alhajin Jidda, bai ga Arfa ba!" Na ce a raina, wa zai tsinci Hausa a cikin wannan hayaniyar? Yaran har tafi suka yi min. Suka tambayi ma'ana, na ce kirarin mafarauta ne na kakanninmu.

Faifan ya fito watan jiya, kuma waƙar nan aka fi so. Na roƙi shugabansu ya cire ta, ya ce, "Uncle, ta riga ta bazu, ko mu ba mu da iko da ita yanzu."

Shekaranjiya sai ga wayar 'yar aminin nawa, wadda ke jami'a, tana zaune a Fallowfield nan Manchester. A ƙasar nan aka haife ta, Hausarta ba ta wuce gaisuwa ba, da Turanci muke magana. "Baffa, I swear muryarka ce! Har sunan Baba na ji a ciki. Yabonsa kake yi, ko?" Ni tsohon banza na ce, "E, 'yata, yabo ne." Ta ce to ranar Asabar, wajen sunan jikansa, za ta sa a lasifika gaban kowa, surprise ne, kar in faɗa masa.

Jiya shi da kansa ya kira ni yana dariya. "Kai mugun tsoho, ka zo da wuri, kusa da ni za ka zauna, kai za ka raba goro." Na amsa da to.

In na faɗa wa yarinyar gaskiya, na tona wa uba asiri wajen 'yarsa. In na hana ta ba dalili, ita ba mai barin magana ba ce, sai ta nemi wanda zai fassara mata. In shi zan tunkara, da wane bakin? In kuwa na yi shiru, duk dattawan da za su cika ɗakin nan Hausa suke ji sarai, kuma ba wanda bai san muryata ba.

Saura kwana uku, jama'a. Me zan yi?