Lauyar Sani Ta Zama Alƙaliya

Yaya Hadiza,

Assalamu alaikum. Ya gida, ya yara, ya ƙarfin jikin Baba? Mu nan Greensboro ta Amurka lafiya, sai dai hankalina a tashe yake.

Lauyar da ke riƙe da shari'ar takardun zaman ɗana Sani, majalisar dattawa ta tabbatar da ita alƙaliyar kotun tarayya. Na je ofishinta yi mata murna, na tarar tana haɗa kaya. Ta riƙe hannuna ta ce, "Hajiya, yanzu doka ta hana ni tsaya masa."

Wata mai zuwa za a yi zaman shari'ar, sabon lauyan da ya gaje ta kuwa ko sau ɗaya bai ga Sani ba.

Ku sa mu a addu'a. Ki gaida Inna, amma kada ki gaya mata tukuna.

Ƙanwarki,
Rabi