Ledar da Ke Firij da Sunana

Litinin, 3 ga Maris

Yau aka yi min allurar farko. A damtse, ƙarƙashin fata, kafin in gama bisimilla Sista ta zare. Na ce shi ke nan? Ta ce shi ke nan, sai bayan sati uku.

Shekara da shekaru ina wuni a gado duk wata ana ɗura min jinin mutane, yau kuma wai wannan 'yar mitsitsiyar aba ce za ta tashi ɓargona daga barci ya riƙa yin nasa. Likita bai ɓoye min ba, wasu ta karɓe su, wasu ba ta karɓe su ba. Dole ce ta sa muka gwada. Jikina ya koyi tsirfa, yawancin jinin da aka kawo sai gwaji ya nuna zai yi faɗa da shi. Na ƙanena direba ne kaɗai bai taɓa ƙi ba, shi kuma ba rijiya ba ne, sai wata uku-uku ake ɗiba.

Shekaranjiya ya ba da leda ɗaya. Tana firij ɗin asibiti da sunana, ko da allurar za ta ba ni kunya. Ba don ita ba da ban miƙa hannu ba.

Alhamis, 6 ga Maris

Ƙasusuwana kamar an daka. An ce dama za a yi haka, amma wanda ya ce ba shi ke kwance ba. Maman yara ta shigo da ruwan zafi tana tsiya, wai wanzami ba ya son jarfa, ni da nake wuni da reza a wuyan mutane allura ta kayar da ni. Na yi dariya don ta samu ta fita.

Lahadi, 16 ga Maris

Mugun abu da shagon aski, madubi ko'ina. Da na sallami mutum sai in ja fatar idona in duba, ja ne ko fari. Yau wani ya kama ni, ya ce, "Maigida, wani abu ya faɗa maka a ido?" Na ce gashi ne.

Abin da nake tsoro, jiri ya ɗebe ni reza tana maƙogwaron wani.

Laraba, 19 ga Maris

Na je asibiti ba ranata ba. Mai gwajin jini ya gan ni a ƙofa ya kwashe da dariya. "Mai aski, gaishe ta ka zo yi?" Duk da haka ya nuna min ledar jinin ta gilashi. Tana nan kwance, ja har ta yi baƙi-baƙi, sunana a jiki. Na dawo na ci abinci sosai.

Litinin, 24 ga Maris

Allura ta biyu. Wannan satin ne ya kamata a ƙara min jini, likita ya duba gwaji ya ce bai sauka yadda ya saba ba, ba za a ƙara ba. Na ce likita ina jin jiri fa. Ya daɗe yana kallona, ya ce, "Jiri kake ji ko tsoro?" Haushi ya kama ni. Shi me ya sani, ya taɓa jin zuciyarsa tana buga masa a kunne?

Na dawo gida ina bin jikin katanga, ina jiran faɗuwar da ba ta zo ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Na hau bene ban tsaya hutawa ba. Ban gaya wa kowa ba, kar a yi min baki.

Talata, 1 ga Afrilu

Ina tsakiyar yi wa wani dattijo gyaran gemu waya ta yi ƙara. Mai gwajin jini ne, yau babu dariya. Wata mata ta haihu, jini ya ɓalle mata, nata jikin ma mai tsirfa ne irin nawa. Sun gwada duk abin da ke firij, ledata ce kaɗai ta dace. Tunda ƙanena don ni ya bayar, likita ya ce sai an tambaye ni.

Na ce in na faɗi sati mai zuwa fa? Ƙanena ba zai sake bayarwa ba sai watan Yuni.

"Za mu nema," in ji shi. "Amma ba zan yi maka alkawari ba."

Wallahi a'a na so cewa. Har ta zo bakina. Ina da yara ni ma, ban san matar nan ba, ko sunanta ban ji ba. Dattijo na zaune da kumfa a fuska yana kallona ta madubi. Sai na ji muryata tana cewa ku ba ta.

Na ajiye reza, na zauna a benci. Dattijo ya ce, "Lafiya, ɗana?" Na ce lafiya lau Baba, bari hannuna ya dawo.

Laraba, 2 ga Afrilu

Matar ta tashi, an ce har ta ba jaririn nono. Maman yara ta yi kuka da na gaya mata, ta kuma yi min faɗa don ban shawarce ta ba, sannan ta ƙara min nama.

Yanzu duk duniya babu ɗigon jini da aka ajiye domina, sai wanda ɓargona ya ga dama ya yi. Tsoro na nan inda yake.

Da yamma wani ya zo, aurensa ƙarshen watan Mayu, yana so ni zan yi masa aski shi da abokansa. Na saba tura irin wannan aikin zuwa shagon gaba, don ban taɓa ɗaukar alkawarin da ya wuce wata guda ba. Na ce masa Allah ya kai mu, su zo da wuri.

Ba wani abu ba ne. Mutumin ne ya matsa.