Ƙanƙarar Kogo da Gudumar Abokinka

Mokhotlong, 19 ga Yuli

Kawu Mokhele,

Wai da ka zauna can Pietermaritzburg kana zana wa mutane hanyar kogonmu, ka tuna cewa gida goma sha ɗaya ne ke shan ruwan da ke fita daga bakinsa? Na san ba haka ake fara yi wa babba wasiƙa ba, ga Mama ma a tsaye a kaina tana cewa in gaishe ka tukuna. To, ina gaishe ka cikin ladabi. Allah ya ƙara maka lafiya, ya yaye maka tarin nan da ka kwaso a ramin zinariya. Mu nan da sauƙi. Kaka Malineo na fama da gwiwa, tumaki sun rame amma ba mu rasa ko ɗaya ba. Sanyin bana kuwa, sai ka fasa saman ruwan bokiti da dutse kafin ka wanke fuska.

Kai ka koya min tara duwatsu, ban musa ba. Tsofaffin mujallun ƙungiyarku da ka bari a akwati, a kansu na koyi karatu, ina kiwo ina bin layi da yatsa. A ciki na ga cewa ƙanƙara ma ma'adini ce, 'yar'uwar fararen duwatsu masu ƙyalli da muke tonowa. Shi ya sa da na ga abin da ya tsiro a rufin kogon idon ruwa a watan Yuni, na ɗauki hoto na tura maka. Furannin ƙanƙara ne masu kusurwa shida, wasu sun kai tafin hannu, sirara har kana hango yatsanka ta bayansu. Na gaya maka har numfashi nake riƙewa idan na matsa kusa, don kada su zube. Don ka tuna gida na tura, Kawu, ba don ka kai taronku na wata-wata ba. Na san ƙa'idarku, cewa dutsen da ba a rubuta inda aka samo shi ba tsakuwa ne kawai. Sai ka rubuta, har da taswira, har da sunana.

Asabar ɗin da ta wuce waccan sai ga motoci biyu, mutum bakwai, babbansu wani dattijo, Ntate Dlomo, da ya ce shekararku ashirin tare. Ni na kai su, ba zan yi ƙarya ba, don takardar da ya nuna min rubutunka ne. Tun a hanya na ce musu kallo kawai za a yi, kowa ya gyaɗa kai. Da muka shiga suka ƙura wa furannin ido, wata mata har da hawaye. Ban ankara ba sai na ga Ntate Dlomo ya buɗe jaka ya fito da guduma da ƙarfen sassaƙa, wani kuma ya turo kula cike da jarida. Na riƙe masa hannu. Ya yi dariya ya ce mai tara duwatsu na gaske ba ya cire fure ya bar uwar dutsen da ya tsiro a kai, dole a ɗauke su tare. Ya ce, "Ɗan samari, shekara talatin ina riƙe da gudumar nan, ban taɓa ɓata samfuri ba." Na ce masa ni ma shekara ashirin da uku ina shan ruwan nan, ban taɓa dukansa ba. Ya zaɓi furen da ya fi girma, wanda ke kan leɓen dutsen da ruwa ke bi ya zubo a ƙwarya. Duka uku ya yi. A na ukun leɓen ya tsage har ƙasa, ruwan ya bi tsagar ya shige, muna tsaye muna jin ƙararsa a ƙarƙashin ƙafafunmu.

Ya naɗe abinsa a jarida, ya rubuta 'yar takardar shaida da kyakkyawan rubutu, ya ce ruwa zai dawo da kansa. Yau kwana goma sha huɗu, ko ɗigo babu. Mata na sauka rafi, tafiyar awa guda a kan hanya mai santsi. Jiya 'M'e Mapuleng ta zame da tulu ta karye a wuyan hannu. Idan na wuce shago, samari na tambayata ko Farfesan Ƙanƙara zai sayar musu da ruwa mai kusurwa shida. Kaka kuwa ta daina neman in karanta mata wasiƙunka, kuma wannan ya fi min zagin ciwo. Abin da ya ƙarasa ƙona min rai, shekaranjiya abokin naka ya turo saƙo wai kafin su sauka daga mashigin tsaunin Sani furen ya zama jiƙaƙƙiyar jarida, ko zai iya dawowa da kula mai kyau?

Morena, sarkin garinmu, ya kira taron pitso ranar uku ga Agusta, duk gari za a taru a fili. Dattawa sun riga sun faɗi abin da suke so, a hana ni hawa dutsen nan har abada. Kai ka san in aka raba ni da dutsen, ban san me ya rage min a garin nan ba. Laifina zan ɗauka, ni na nuna hanya. Amma ba zan ɗauki naka da nasa in haɗa ba.

Ka gaishe min da matarka 'M'e Mampolokeng, da yaranka Tlali da Puseletso, Allah ya ba su sa'ar jarrabawa. Mama na gaishe ka, ta ce in goge rabin abin da na rubuta, na ƙi. Kada ka ba ni amsa a takarda, Kawu. Ka hau mota ka zo da Ntate Dlomo, ku tsaya a gaban Morena da 'M'e Mapuleng da hannunta a ɗaure, ku faɗa wa jama'a da bakinku wa ya zana taswirar, wa ya ɗaga gudumar, kuma wa zai dawo musu da ruwansu.

Ɗan ƙanwarka,
Liphapang